Yadda muke ba da hayar gidan biki a Legas, daga kafin alƙalami zuwa karɓar makulli

A Kano ko Zariya, idan za a yi kamu ko wunin suna, tsakar gida ta wadatar. In ta yi kaɗan a ari ta maƙwabta, maza kuma su baza tabarmi a ƙofar gida. A Legas babu wannan sararin. Akasarin mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago ɗaki ɗaya ko ciki da falo suke haya, a gidan da suke zaune da wasu ƙabilu, tare titi da rumfa kuwa yanzu rigima yake jawowa da hukuma da maƙwabta. Manyan zaurukan taro na Ikeja sun fi ƙarfin kamu, a girma da kuma kuɗi, sannan matanmu ba sa sakewa su ajiye mayafi a wurin da ma'aikata maza ke kai da kawowa. Daga nan sana'armu ta samo asali: a ware gida sukutum, babu mai kwana a ciki, a riƙa ba da shi haya na wuni ɗaya ko biyu don kamu, sa lalle, walima, suna ko saukar Alƙur'ani.

Duk wanda zai shiga harkar nan ya riƙe abu guda: komai a kan yawan mutane yake tafiya. Girman janareta, yawan banɗaki, ruwan tanki, haƙurin maƙwabta, duk da adadin kawuna ake auna su. Gidan da ya ɗauki mutum 150 lami lafiya, a zuba masa 250 sai komai ya lalace a lokaci guda.

Idan muka je duba gida, fenti da tayil ne na ƙarshe da muke kallo. Da hanya muke farawa. Shin mota biyu za su iya giftawa a layin? Motar kwasar masai da tankar ruwa za su iya shigowa har bakin get? Idan an yi ruwan sama na awa biyu, layin yana cika? Wannan tambayar masu shago da ke layin ake yi wa, kada a yi wa dillali, kuma in da hali a je a gani da ido a watan Yuni ko Yuli lokacin da damina ta kankama. Sai maƙwabta. Gidan da ke manne da asibiti, ko wanda tagogin ɗakunan kwanan wani bene ke kallon tsakar gidansa, mun haƙura da shi komai arharsa. Rukunin gidajen da ke da get ɗaya da ƙungiyar masu gidaje ma haka, don galibinsu suna da dokar hana taro, kuma ko sun yarda yau, sabon shugaba zai iya sokewa gobe. Wanda ya fi dacewa shi ne gidan ƙasa ko mai bene ɗaya, a kwanar layi, kusa da babban titi, mai fili a gaba da baya. Cikakken fuloti a Legas ƙafa 60 ne a 120, kuma idan gini ya ci kashi ɗaya cikin uku, aka kafa rumfuna, abin da ya rage ba zai ɗauki mota fiye da biyar ko shida ba. Don haka tun kafin a biya kuɗin gida ake neman makaranta ko wani fili a kusa wanda ba a amfani da shi ranar Asabar da Lahadi, a yi yarjejeniyar ajiye motoci da masu shi.

Idan gidan ba naka ba ne, haya ka kama, dole mai gida ya rubuta ƙarara cewa ya yarda a riƙa taro a ciki kuma a karɓi kuɗi. Yardar baki ba ta da amfani ran da 'ya'yansa suka gaji gidan. Bayan haka akwai takardun gwamnati. Gidan da aka amince da zanensa a matsayin gidan zama, mayar da shi wurin kasuwanci yana buƙatar izinin canjin amfani daga LASPPPA, hukumar da ke ba da izinin tsara gine-gine a jihar. Ana yi wa sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. Dokar harajin otal da gidajen abinci ta jihar Legas ta 2009 ta haɗa da wuraren taro, kashi 5 cikin 100 ne, LIRS, hukumar tara harajin jihar, ke karɓa, kuma gara a sa shi cikin farashi tun farko. Hukumar kula da tsaron lafiyar jama'a ta jihar, wato Safety Commission, da hukumar kashe gobara su ma suna da ta cewa. Mutane da yawa suna tsallake waɗannan su ce ai ƙaramin gida ne, babu mai lura. Ran da maƙwabci ɗaya ya kai ƙara, takardun nan ne farkon abin da za a tambaya, kuma in aka garƙame get ana saura kwana uku bikin 'yar mutane, babu bayanin da zai wanke ka.

Wani abu da ba mu yi wa sassauci shi ne bene. Daben saman gidan zama ana lissafa shi ne ya ɗauki nauyin kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, alhali zauren taro ana gina shi ya ɗauki kusan kilo 500. Mutum sittin suna rawa da tsalle a falon sama, ko 'yan mata ashirin sun jingina da ƙarfen baranda suna leƙen shigowar amarya, wannan nauyi ne da ba a yi ginin dominsa ba. A wurinmu sama ta amarya ce da ƙawayenta kaɗan da mai kwalliya, baranda kuwa a kulle take. Haka nan idan za a fasa bangon da ke tsakanin falo da ɗakin cin abinci don a faɗaɗa wuri, injiniyan gini ne zai faɗi wanda za a taɓa. Birkila zai ce maka babu komai, amma ba shi zai amsa tambaya ba in gini ya tsage.

Ga yadda muke fitar da adadi. A ce falon bayan an faɗaɗa shi ya zama mita 6 a 10, murabba'in mita 60 ke nan. A cire wurin zaman amarya, da filin rawa, da kusurwar mai kiɗa, za a rage da kamar 40. Idan kujeru ne a jere, kowane mutum yana cin kusan kashi biyu cikin uku na murabba'in mita, wato mutum 60. Idan da tebura masu zagaye ne, kowa yana cin mita ɗaya da 'yan kai, sai adadin ya sauko zuwa 32 ko 35. A waje, rumfa mai ƙafa 20 a 20 tana ɗaukar kujera 45 zuwa 50 a jere, ko tebur huɗu na mutum takwas-takwas in an matsa. Rumfa biyu da falo sun ba ka mutum 150. Wannan lambar ake rubutawa a takardar yarjejeniya, a kuma manna ta a bakin ƙofa.

Banɗaki shi ke fara tona asirin gida. Mutum 150 suna buƙatar aƙalla huɗu, kuma a taron mata uku ko duka huɗun nasu ne. Banɗakin cikin ɗakuna ba ya shiga lissafi, don ba ma so jama'a su riƙa ratsa ɗakin amarya, shi ya sa muke gina wasu a jikin katanga ta baya. Wurin alwala daban yake, da famfo huɗu ko biyar a jere, da magudana mai faɗi da butoci. In babu shi, mutane za su yi alwala a banɗaki, layi ya yi tsawo da la'asar, tayil ya jiƙe, tsohuwa ta zame. Ruwa muna ƙiyasta lita 20 ga kowane baƙo, har da na kora masai da alwala da wanke-wanke, wato lita 3,000 ga mutum 150, amma 5,000 muke cikawa tun daren jajibiri, don injin rijiyar burtsatse ya fi son lalacewa ranar da ake buƙatarsa. Abin da ke toshe bututu kuwa sanannu ne: famfas na jarirai, audugar mata, da ledar ruwa. Kowane banɗaki da kwandon shara mai murfi, kuma akwai mace ɗaya da ba ta da wani aiki sai zagaya su duk rabin awa. A unguwannin da ruwan ƙasa ke kusa, irin su Ojo da Ajah da Lekki, sokawe, wato ramin masai, yana cika da kansa da damina ko ba a yi taro ba, saboda haka muna kiran motar kwasa kafin Yuni da kuma kafin Disamba, ba ma jira sai wari ya sanar da mu.

Sai wuta, wadda ita ce ta fi cin kuɗi. Ko layinka na Ikeja Electric ne ko na Eko, ko da kana rukunin da ake kira Band A wanda aka ninka wa farashi kusan sau uku a Afrilun 2024 da alƙawarin awa 20 a rana, kada ka ɗora biki a kan wutar gwamnati. A lissafinmu janareta ce uwa, wutar layi rangwame ce in ta zo. A tara kayan: esi na tsaye uku masu ƙarfin doki biyar, kowane yana jan kusan kilowat 4, sun ba da 12. Ƙananan esi na ɗakuna huɗu, kusan 5. Kayan mai kiɗa 4. Fitilun ado da na masu bidiyo 3. Manyan fankoki na rumfa 2. Firiza da injin ruwa 3. Jimla ta kusa kilowat 30. Janareta kuwa da kVA ake sayar da ita, kuma kashi 80 cikin 100 na lambar da ke jikinta ne ainihin abin da za ta ba ka, don haka mai 40 za ta yi aiki a maƙure. Esi yana fizgar wuta ninki-ninki a daidai lokacin tashi, shi ya sa muke sayen mai 50 ko 60, kuma ɗaya bayan ɗaya ake kunna su, da tazarar minti biyu. A wannan nauyin tana shan dizal lita 8 zuwa 9 a awa. Taron da aka fara sanyaya wuri tun sha biyun rana aka tashi goman dare ya sha lita 90, mu kuwa 120 muke ajiyewa. Akwai kuma ƙaramar janareta ta fetur a gefe, wadda aka riga aka haɗa ta da fitilu da lasifika kaɗai, saboda in babbar ta tsaya kada wuri ya yi duhu da mutane a ciki.

Abin da ke kashe janareta ana tsakiyar sha'ani ba ya wuce uku: dizal mai ruwa ko datti da ya toshe matata, rashin ruwa a lagireto, da nauyin da aka jibga wa layi ɗaya cikin layukan wuta uku da take fitarwa. Na ƙarshen nan laifin baƙin ma'aikata ne. Soket na bango mai amfiya 13 iyakarsa kilowat 3, amma mai ado zai zo da doguwar waya ya jona fitilu ashirin, mai girki ta ƙara tukunyar dumama abinci a kai, a sama kuma mai kwalliya ta kunna na'urar busar da gashi biyu da dutsen guga. Waya ta yi zafi, fis ya tashi, ko kuma ta narke a bayan labulen ado inda ba mai gani. Saboda haka babu mai jona komai sai mai gyaran wutarmu yana tsaye, kuma mun ja wa mai kiɗa layinsa daban, masu girki nasu daban. Ana juye baƙin man injin duk bayan awa 250 na aiki, a kuma gwada ta da cikakken nauyi na rabin awa ana gobe biki. Bututun hayaƙinta sama yake kallo, nesa da taga, don hayaƙin janareta yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Yanzu ga mai biki ya zo. Ba ma karɓar kuɗi ta waya daga wanda bai taka ƙafa ya ga gidan ba. Yawanci uwar amarya ce ko gwaggonta ke zuwa, tare da wani ɗa namiji. Bayan gaisuwa da zagayawa sai a zo kan tambayar.

"Hajiya, mutum nawa kuke sa rai?"

"Ai ba mu da yawa, Alhaji, mu ya mu ne, ba za mu wuce ɗari ba."

Ba ƙarya take yi ba, waɗanda ta gayyata da bakinta take ƙirgawa. Amma a bikinmu kowace mace da aka gayyata tana zuwa da ƙanwa ko 'ya, da goyo a baya, wata da maƙwabciyarta. Dangin ango suna da nasu ɗarin da ba a faɗa wa Hajiya ba. Ga waɗanda suka sauka daga Arewa a motar dare, waɗanda ba wanda zai iya ce musu su koma. Don haka sai mu bi a hankali: anko kala nawa aka fitar, kuma mutum nawa suka saya? Abincin mutum nawa aka yi wa mai girki magana? Kayan rabo guda nawa aka buga wa hoto? Amsar waɗannan ta fi kusa da gaskiya. In ta ce ɗari, muna shirin 150. In ta ce 150, muna gaya mata cikin girmamawa cewa gidan nan ba zai ɗauke su ba, mu nuna mata zauren da ya dace. Kuɗin da aka bari ya tafi a ranar yana da zafi, amma cusa mutum 250 a gidan 150 zalunci ne ga amaryar kanta, wadda za ta wuni cikin zufa da hayaniya a ranar da ta daɗe tana jira.

Takardar yarjejeniya shafi biyu ce, ana karanta ta da Hausa a gaban mai biki ko da da Turanci aka rubuta. A ciki akwai rana, lokacin shiga da na tashi, adadin mutane, da sunan mutum ɗaya tak wanda shi za mu riƙa magana da shi ranar taro. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don ranar biki kowa mai ba da umarni ne. Kafin alƙalami rabin kuɗi ne, ragowar a cika saura mako guda. Akwai kuɗin ajiya na ɓarna, kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin haya, wanda ake mayarwa in an bar gida lafiya. Ba a rubuta rana a littafi sai kuɗi ya bayyana a asusun banki da idonmu, saboda alat na bogi ya yi yawa. In dillali ne ya kawo ciniki, la'adarsa daga wajenmu take fita, kuma ana faɗa a gaban kowa don kada ya karɓa baki biyu. Wanda ya fasa saura wata guda ana mayar masa da mafi yawan kuɗinsa, wanda ya fasa saura mako ya bar kafin alƙalami. Rasuwa kuwa daban ce. In aka ɗage biki saboda mutuwa, muna sauya musu rana ba tare da ƙarin sisi ba, kuma muna ganin duk mai wannan sana'a a cikinmu haka ya kamata ya yi.

Kasuwar tana da lokutanta. Makonnin da ke gaban azumi, da bayan sallar azumi da ta layya, da watan Disamba, a nan ake rububi. Cikin Ramadan gida shiru yake, lokacin fenti ne da gyaran famfo da duba wayoyi. Asabar kuwa muna haɗuwa da bukukuwan Yarabawa, kujeru da rumfunan haya su yi wuya, shi ya sa mallakar kujerunka ya fi, ko da a hankali za ka tara su.

Ana gobe biki masu ado suke shiga. Kafin su sauke kaya muna zagayawa da wakilin mai biki, ana ɗaukar bidiyon kowane ɗaki da waya, ana ƙirga kujeru da tebura da rimot na esi, kowa ya riƙe kwafi. Babu buga ƙusa a bango, babu gam a jikin fenti, mun riga mun kafa ƙugiyoyi a sama don rataya yadi. Ado ba ya rufe ƙofar fita ta biyu, ko da ya ɓata hoto. Akwai ɓarna iri biyu da sai a bikinmu ake samunsu. Na farko lalle: in ya zuba a farin tayil ko kujera mai yadi ya kwana, ya zauna ke nan, saboda haka ɗaki ɗaya muka ware masa, a shimfiɗa leda mai kauri, da kujerun roba. Na biyu kaskon turaren wuta. Ba za a hana shi ba, biki babu turare ai bai cika ba, amma garwashi a kusa da labulen ado mai kama wuta nan take abin tsoro ne. Muna ba da faranti na ƙarfe da za a ɗora kasko a kai, mutum ɗaya ke riƙe da shi, kuma ba ya hawa bene. Tukwanen kashe gobara masu hoda, na kilo 9, ɗaya a falo, ɗaya a wurin girki, ɗaya a gindin matakala, sai mai iskar carbon a kusa da janareta da akwatin wuta. Duk ma'aikacinmu ya taɓa fasa ɗaya da hannunsa ya ga yadda take aiki. Lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, suna manne a bango.

Girki a bayan gida ake yi, a fili. Ba mu yarda da itace ba saboda hayaƙi da baƙin da yake bari a katanga. Tukunyar gas a tsaye take zama, nesa da janareta da mai suya, kuma ana shafa ruwan sabulu a bakin tiyo a ga ko zai yi kumfa kafin a kunna. Ragowar mai da romo ba a zuba su a magudana, don in suka huce daskarewa suke yi su toshe ta, akwai jarka dominsu. Masu abinci kuma muna tuna musu cewa tun Janairun 2024 gwamnatin Legas ta haramta farin mazubin abincin nan mai kama da soso, daga Yulin 2025 kuma aka fara aiwatar da haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. In aka ga tulinsu a shararka, kai za a tambaya.

Ranar taro bakin get ya fi ko'ina buƙatar hankali. Masu gadi ba su san dangi ba, kuma ba daidai ba ne ƙato ya tare matar aure yana tambayarta kati. Muna neman mai biki ya ba mu mace ɗaya daga ɓangaren amarya, ɗaya daga na ango, waɗanda suka san fuskoki kuma ake jin nauyinsu, su zauna tare da ma'aikaciyarmu mai ɗaura zare mai launi a hannu. Zaren adadin gidan ne, yara ma suna ciki. In ya ƙare, sai wani ya fita wani ya shiga. Rabon bokitai da kofuna a bakin ƙofa lokacin tashi mun hana, a bi mutane da shi a kujerunsu tun ana zaune. Turmutsitsin da ya ci rayuka a Ibadan da Okija da Abuja a Disambar 2024 duk a wajen rabo ya faru, kuma bayansa ne gwamnatin Legas ta ce taron da ya haura mutum 250 sai an nemi izininta. Ƙaramar ƙofa da mutum ɗari masu miƙa hannu sun isa a danne yaro.

A taron mata zalla, ma'aikatan ciki mata ne, mai gyaran wuta yana waje sai an kira shi da sallama. Kyamarorin tsaro get da tsakar gida kawai suke kallo, babu ko ɗaya a ɗaki, kuma muna nuna wa mai biki inda suke tun ranar farko. Akwai ɗaki ɗaya mai makulli don jakunkuna da gwala-gwalai da kayan gara, makullin yana hannun wakilin mai biki, mu ba ma riƙewa.

Ƙarar kiɗa ita ce ke rufe irin waɗannan gidaje fiye da komai. Ƙa'idar da LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar, ke aiki da ita a unguwar zama desibel 55 ce a ma'aunin ƙara da rana, 45 da dare, alhali lasifikar mai kiɗa tana kai 90 zuwa sama. Ba yadda za a yi a cika wannan ƙa'ida da lasifika a tsakar gida. Manyan lasifiku a falo suke zama, ƙofa da tagogi a rufe, a waje kuma ƙanana ne guda biyu suna kallon gini, ba katangar maƙwabci ba. Lasifikar nan mai bugun ƙirji ana ɗora ta a kan roba mai kauri don kada ta riƙa girgiza bangon mutane. Akwai manhajar auna ƙara a waya, ba ta kai na'urar hukuma daidaito ba, amma in ka tsaya da ita a bakin katanga za ta nuna maka ko an wuce gona da iri. Ana kiran salla ana kashe kiɗa. Ƙarfe tara na waje ya mutu, goma an tashi. Wannan ma alheri ne ga baƙi, don mai komawa Ikorodu ko Alaba daga Agege da dare, ga yara, ga an hana acaba a ƙananan hukumomi da dama tun 2022, ba ƙaramar wahala zai sha ba. Maƙwabta ana sanar da su tun saura kwana uku, a ba su lambar da za su kira, kuma in an sauke abinci a aika musu. Shugaban ƙungiyar unguwa da baale, wato mai unguwar Yarabawa, ana kai musu gaisuwa tun kafin a buɗe gida, ta hannunsu kuma ake daidaitawa da samarin layi a kan abin da za a ba su na kula da motoci. In ka bari sai ranar biki suka zo get, farashin da suka ga dama za su faɗa.

Liƙi ma mun sa shi a takarda. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta da sayar da ita, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu, kuma a 2024 an ga EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka, daga bidiyon da aka ɗora a intanet. Muna ajiye kwarya ko kwando a gaban amarya a riƙa sakawa a ciki, masu canjin sababbin kuɗi kuma ba sa zama a get ɗinmu.

Saura rabin awa a tashi ake gaya wa mai gabatarwa ya sanar. Duk awar da aka ƙara tana da kuɗinta a rubuce, kuma ba ta haɗa da kiɗa ba. Shara a daren ake ɗaure ta, taron mutum 150 yana fitar da manyan buhuna 15 zuwa 20, kuma tun kafin ranar an yi magana da motar kwasar shara mai lasisin LAWMA, hukumar shara ta jihar, ta zo da sassafe, don in ta kwana biyu a bakin get ɓeraye da ƙorafi sun samu. Duba gida da safe ake yi, da hasken rana, tare da wakilin nan ɗaya, ana kallon bidiyon shekaranjiya. Kujerar da ta karye da rimot da ya ɓata suna da farashinsu a takarda, babu ciniki. Dattin da sabulu zai fitar ba ɓarna ba ne, ba a cire wa mutum kuɗi a kansa. Ragowar kuɗin ajiya yana komawa cikin kwana biyu.

Daga kuɗin kowane taro muna ware kashi ɗaya cikin biyar a asusu daban, na fenti da gyaran esi da janareta da kwasar masai, kafin a yi maganar riba. Taro biyu a jere, Asabar da Lahadi, ba ma karɓa sai in na Lahadin bayan azahar zai fara kuma masu adonsa sun yarda su shigo da asuba, saboda wanke banɗaki da sake cika tanki da sauke dizal suna cin aƙalla awa biyar.